Abin da Ban Sa a Jaka Ba

Daren da zan bar Sule Tankarkar, cikin watan Agustan 2009, an baje kayana a kan tabarma a tsakar gida ana ta shawara kamar za a kai lefe. Jaka biyu aka yarje mini, kowace kada ta wuce kilo 23. Ƙanena ya aro sikeli wurin wani mai sayen zoɓo, muka rataya shi a reshen darbejiya, a ɗora jaka a sauke, a cire wannan a mayar da wancan. Na samu shiga shirin Fulbright da ke ɗaukar matasan malamai su je su koyar da harshensu a jami'o'in Amurka na wata tara, ni kuma aka tura ni birnin Madison na jihar Wiskonsin.

Abin da na ga ya cancanci tafiya da ni shi na sa: shadda kala biyar, huluna, Alƙur'ani da dadduma, Magana Jari Ce duka uku, rediyona, sai kilishin da abokai suka yi karo-karo suka saya mini. Uwargida ta ƙulla garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, kowanne leda uku-uku don wari. Can an kusa rufe jaka sai ga Inna ta fito daga ɗakinta, hannu ɗaya ƙullin kanwa, ɗaya hannun sabuwar muciya. Ita kuma uwargida ta turo wata 'yar buta gefen jakar da ƙafa, ba ta ce komai ba.

Na yi dariya na ce, "Haba Inna, Amurka fa za ni."

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta dubi muciyar, ta dubi ƙanena kamar da shi take magana, ta ce, "To, su can da hannu suke tuƙi?"

Gaskiyar magana ba nauyi ne ya hana ni ba, muciya da buta ko kilo ɗaya ba su kai ba. Kunya ce. Na hango kaina a filin jirgi an buɗe jakata gaban Turawa, a ga malami guda da muciya. Na bar su nan kan tabarma har da kanwar, da asuba na hau mota zuwa Gumel, daga nan Gujungu, sai Kano.

Kilishin bai ga Madison ba. A filin jirgin da muka fara sauka, wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Jami'in ya yi mini bayani cikin ladabi cewa doka ta hana shigo da nama, ya ɗauke shi duka ya jefa a wani bokiti. Ya kwance daddawa ya sunsuna, ya ja da baya, ya tambaye ni ko abinci ce. Na ce abinci ce. Ya ɗaure ya miƙo mini da sauri.

Washegari da asuba na fara sanin abin da na yi wa kaina. Banɗakin ɗakin da aka kama mini tsaf yake, ga madubi, ga kwamin wanka, ga takarda an naɗe a jikin bango. Babu buta, babu moɗa, babu ko gwangwani. Abin da ya fi ɗaure mini kai, daɓen ba shi da rariya. A gida duk inda za a taɓa ruwa an san ruwa zai zuba, an yi masa hanya. Can kuwa an gina banɗakin ne bisa sharaɗin kada ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa. Na ɗauko kofin shayi daga kicin na yi abin da zan yi, na ɗaga ƙafa na cusa a kwamin wanke fuska kamar zalɓe, na idar da alwala ƙasa duk ta jiƙe. Kwana uku a haka sai wanda ke ƙasa da ni ya hau ya ƙwanƙwasa, wai rufin ɗakinsa yana ɗiga.

Na nufi wani babban kanti, irin wanda in ka shiga ba ka hango ƙarshensa. A raina na ce wurin da ake sayar da taya da katifa da bindigar farauta a ƙarƙashin rufi ɗaya ba za a rasa buta ba. Sai a nan na gane ban san sunanta da Turanci ba, ni da aka ɗauko don na iya harsunan biyu. Na faɗi kalmar da ta fi kusa, yarinyar ta kai ni wurin butocin dafa shayi na lantarki, dala 30. A canjin lokacin, naira 150 kowace dala, kuɗin ya sayi buta arba'in a kasuwarmu har da canji. Na kwatanta mata da hannu, na ce ta roba ce, ba a ɗora ta a wuta. Ta ce me ake yi da ita? Nan bakina ya mutu. Na yi godiya na fita.

Galan ɗin madara na yi ta amfani da shi har ranar Juma'a. A masallacin da ke kusa da jami'a na ga abin da sauran Musulmi suka yi wa kansu: a banɗakin an jera butocin ban ruwan fulawa, masu dogon hanci, kore da ruwan ɗorawa. Wani dattijo ɗan Pakistan ya ga ina kallonsu ya yi murmushi, ya ce in koma kantin nan in tambayi sashen kayan lambu. Dala biyu. Da ita na yi wata uku, hancinta ya yi tsawo, ruwan yana fita kamar zare, amma da babu gara ba daɗi.

Azumi ya kama ranar 22 ga Agusta, ban cika mako biyu da zuwa ba. Yini ya kai awa goma sha biyar, amma ba tsawonsa ne ya dame ni ba, rana ba ta da zafi. Lokacin shan ruwa ne matsalar. A masallaci ana kawo dabino da shinkafar Indiyawa mai kayan ƙamshi, Allah ya saka musu da alheri, na ci na ƙoshi. Sai dai maƙogwaron da ya shekara talatin da huɗu yana buɗa baki da kunun tsamiya ba ya yarda an sha ruwa in bai ji shi ba. Na shiga neman gero.

Wannan karon na san sunan abin da nake nema. Yaron kantin ya gyaɗa kai, ya ce in biyo shi. Muka wuce shinkafa, muka wuce fulawa, muka wuce taliya, ina ta mamakin inda za mu. Muka wuce abincin karnuka da na kyanwoyi. Ya tsaya gaban wasu buhuna masu hoton tsuntsaye, ya nuna mini.

Na daɗe a tsaye a wurin. Wanda bai tashi a ƙasar Gumel ba ba zai gane abin da na ji ba. Mu gero ne shekararmu. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi, damina gajeriya, abin da ya fi yarda da ita gero ne da wake da riɗi. Daga ranar da aka yi ruwan shuka har a kai dami rumbu, hirar dattawa a Danzomo da Jeke da Dangwanki ba ta wuce shi. Ina yaro, in gero ya fara ido, mu ake tura wa gona da gwangwani da tsakuwa mu yini muna ihu muna korar jan-baki. Na sha bulala saboda na bar gona na tafi wasan langa tsuntsaye suka sauka. Ga ni yau a ƙasar da mutum zai cire kuɗinsa ya sayi gero, ya zuba a wani ɗan akwati ya rataya a bakin taga, don tsuntsaye su zo su ci ya ji daɗin kallonsu. Na ɗebo kaɗan ta wata ɓula na duba. Ba ma irin namu ba ne, wani ƙanƙane ne mai sheƙi, an gauraya shi da wasu 'ya'yan itatuwa. Na mayar.

Wake kam na samu ba wahala, farin wake mai baƙin hanci irin namu sak, a leda da kuma a gwangwani. Daga baya na ji cewa daga yammacin Afirka ya tsallaka tare da bayin da aka kwashe, kuma har yau a kudancin ƙasar ana dafa shi ranar sabuwar shekara. Na jiƙa, na surfa da hannu a kwano tunda babu turmi, na markaɗa a na'urar markaɗe ta maƙwabcina. Ƙosan ya fito kamar duwatsun murhu. Ban san ana buga ƙullu ba.

Wannan ita ce maganar da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Duk abin da nake cewa na rasa a Amurka, rabinsa ko an ba ni ban san yadda ake yi da shi ba. Na iso da kuka da kuɓewa da daddawa, ina taƙamar na fi sauran baƙi shiri, amma ban taɓa kaɗa miya ba. Tun da aka haife ni tuwo yana zuwa ne a rufe da faifai, daga hannun Inna, daga baya daga hannun uwargida. Tsakanin rumbu da akushi akwai sussuka da sheƙa da surfe da wanki da niƙa da tankaɗe da talge da tuƙi, duk a tsakar gidan da nake kwana ake yin su kullum, kuma iyakar abin da na sani game da su shi ne ƙarar taɓarya tana hana ni barcin rana.

Da ƙaramar Sallah ta wuce na yanke shawarar yin tuwo. Wani ɗalibi ɗan Gana, haifaffen zangon Kumasi, mai Hausa irin tasu ta can, ya nuna mini garin alkama mai tsaki-tsaki da Amurkawa ke damawa su sha da safe, ya ce shi ne ya fi kusa da semo. Na sayi katin waya na dala biyar na kira gida. Tsakaninmu awa shida, la'asar ɗina ita ce bayan lisha a gida, kuma a lokacin sai uwargida ta fita bakin zaure take samun sabis.

"Malam, ruwan ya tafasa?"

"Ya tafasa."

"To, ka dama kaɗan da ruwan sanyi ka zuba, shi ne talge. Ka bar shi ya dahu."

Ni kuwa tuni na juye rabin kwalin a tafasasshen ruwa. Na gaya mata. Ta yi shiru, sannan na ji ta rufe baki tana dariya, na kuma ji ta juya tana ba wani labari, na san Inna ce. Da ta dawo ta ce in tuƙa da ƙarfi ko gudajin za su mutu. Na danna cokalin katakon da na samu a kicin, siriri kamar na shan magani, na ja sau biyu, ya karye a wuya.

"Me ya yi ƙara?"

"Ba komai."

Daga nesa na jiyo muryar Inna tana cewa, "Ki ce masa tana nan inda ya bar ta."

Miyar gyaɗa ma haka ta kasance. Na ga markaɗaɗɗiyar gyaɗa a kwalba, jeri guda, na yi murna na ce yau na huta. Ashe yawanci an zuba mata sukari, don a burodi suke shafa ta. Na ci tuwo mai gudaji da miya mai zaƙi kamar kunun gyaɗa, ni kaɗai, a tsaye.

A ajina ɗalibai shida ne. Jami'ar ta daɗe da Hausa, a nan Neil Skinner ya koyar shekara da shekaru, mutumin da ya yi aikin buga littattafai a Zariya kuma ya rubuta ƙamus na Turanci da Hausa da muka yi amfani da shi a makaranta. Biyar daga cikin ɗalibaina daga "sannu" suka fara. Ta shidan, ranar farko da na shiga na yi sallama, sai ta amsa da "Lahiya lau, Malam, ina gajiya?" da irin karin da nake ji a bakin masu kawo raƙuma da shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Na kusa sakin allin hannuna. Ashe ta yi shekara biyu a wani ƙauye a ƙasar Magariya, cikin matasan da Amurka ke turawa aikin sa-kai a ƙarƙashin Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962. Tsakanin ƙauyen da ta zauna da gidanmu bai fi tafiyar yini a amalanke ba. Ba ta taɓa tsallako iyaka ba, amma ta ce bokitinta da silifa da ashana duk daga Najeriya 'yan kasuwa suke kawo su.

Wata rana bayan darasi na ba ta labarin geron tsuntsaye. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Sai hanƙuri, Malam. Ni ma na ga irin taka." Ta ce kafin su tafi an ba su dogon jerin abin da za su riƙe, ta cika jaka da magunguna da littattafai da takalmin hawan dutse da bai yi mata amfanin komai ba. Abubuwan da suka dame ta ƙanana ne, waɗanda a gidansu ba a ma lissafa su cikin kaya. Ledar nan mai zif da ake adana abinci. Zaren sakace. Turaren hammata irin wanda ta saba da shi. Ruwan wanke gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Garin gahawa na gaske, don a can sai Nescafé. Matashin kai mai laushi. Mahaifiyarta takan cika kwali ta aiko, ya yi makonni a hanya, sai ta shiga motar kasuwa zuwa Damagaram ta karɓo. In kwali ya iso, duk 'yan uwanta masu aikin sa-kai sai su zagaye shi kamar an yanka sa.

Cuku ne ya fi ci mata rai. Ita 'yar Wiskonsin ce, jihar da har a lambar motocinsu suna kirari da madara. Da ta yi ƙorafi, mutanen ƙauyen suka ce ai akwai, aka sayo mata cukwin Buzaye, busasshe kamar fatar ganga. Ta ce ta karɓa ta yi godiya, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Na ce to ai kin ga abin da na ji gaban buhun tsuntsaye. Gyaɗar kwalba kuma, wadda ta ɓata mini miya, ita ta yi wata uku tana mafarkinta a tsakiyar ƙasar gyaɗa, sai da wata maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli ta gane abin da take nufi, ta riƙa ɗebar mata kafin a matse mai.

Na tambaye ta takardar banɗaki fa? Ta ce wata biyu ta yi tana ɓoyon 'yar wadda ta zo da ita kamar zinariya, ana ƙarewa ta koma buta, kuma da ta dawo gida sai ta ga ba za ta iya komawa gidan jiya ba. Butarta ta ƙauye tana nan a banɗakinta a Madison, ta sako ta a jaka ta tsallako da ita teku. Wato Ba'amurkiya ta ɗauko abin da ni na ji kunyar ɗaukowa. Ban gaya mata wannan ba.

Ita ta ce in je Shikago, titin Devon, unguwar Indiyawa da 'yan Pakistan. Dama ta samu a ƙarshen Nuwamba. Ranar Alhamis 26 ga wata Amurkawa suka yi bikinsu na godiya da ake cin talotalo, washegari Juma'a 27 ta zama Babbar Sallah. Layyata a gida aka yi, na aika kuɗin rago tun da wuri. Na yi Idi a wani zaure da aka haya, babu hawa, babu kakaki, babu ƙaurin suya, kowa ya shiga motarsa ya tafi. Ranar Asabar ni da ɗan Kumasi muka hau bas, tafiyar awa uku.

Kanti na farko da muka shiga, tun daga bakin ƙofa na hango su an tsira a igiya, butocin roba, ja da shuɗi. Lota suke ce mata. Na ɗauki biyu. A ciki ga garin gero irin namu na gaske, mai ruwan toka, sunansa bajiri a wurinsu. Ga garin dawa. Ga tsamiya an curo ta kamar sabulu. Ga asuwaki ɗaya-ɗaya a cikin leda an rufe kamar allurar asibiti, dala ɗaya, abin da nake miƙa hannu in karyo a ƙofar gida. Ga tsintsiyar laushi. Ita ma na saya, ko da yake daga baya na ga ba ta da aiki, don ɗakina kafet ne bango zuwa bango, tsintsiya kuwa daɓe take so ko rairayi. Ta zauna a lungu har na taho, in na gaji da karatu in dube ta.

Wani shagon 'yan Meziko ne ya fi ba ni mamaki. An cika kwando da busasshen zoɓo, an rubuta masa wani suna da ake furtawa hamaika. Na ɗebo na sunsuna. Na san Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, kuma na san daga ina tireloli suke lodinsa: Maigatari da Gumel da Gagarawa da garuruwanmu. Ban isa in rantse cewa wanda ke hannuna daga can ya fito ba, amma na tuna sikelin da aka auna jakata da shi. A wani gefe kuma na ga an rubuta kalmar "masa" a jikin buhun gari, na yi tsalle, ashe garin masara ne da suke yin wainarsu ta faɗi, ba ruwansa da tanda. Kanwa sai a shagon wata Bayerabiya muka same ta, 'yar ƙanƙanuwa kamar goro, dala uku. Wadda Inna ta ƙulla mini ta ninka ta goma. Matar ta ji ina Hausa ta ce, "Aboki, ka zo da nisa." A Legas da na ji haushin sunan. Ran nan daɗi na ji.

Muciya kuwa babu. Mun duba ko'ina.

Sanyi ya sauka. Ranar 9 ga Disamba ƙanƙara ta zuba har jami'a ta rufe, tafkunan da suka sa birnin a tsakiya, Mendota da Monona, suka bi baya suka daskare, mutane suna huda su suna kamun kifi. Rediyon da na ɗauko bai taɓa kamo sashen Hausa na ko'ina ba, sai a kwamfuta nake ji. Hular da na fi so na jefa a injin wanki tunda babu mai wankin hula, ta fito kamar ta ɗan yaye. Kukata ta ƙare. A kantin masu kula da lafiya na ga an rubuta sunan bishiyar a wata 'yar gwangwani mai tsada, ashe garin 'ya'yan ne, ba ganyen ba.

Akwai wani malami ɗan Kano a wata jami'a da ke kusa, ya je gida hutu, ya yi mini alkawarin zai taho da kuka da kanwa da muciyar. Ƙanena har ya kai masa saƙon Kano. Sai ranar 25 ga Disamba wani matashi ɗan Najeriya ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke sauka Detroit, a farkon Janairu aka sa Najeriya cikin ƙasashen da ake tsananta wa matafiyansu bincike. Malamin ya kira ni ya ce, "Malam, ka yi mini afuwa. Koren gari da farin dutse da sanda, a jakar Bahaushe, a wannan watan? Ina da iyali." Ban ga laifinsa ba.

Ɗalibar nan ce ta kawo mafita. Ta ce mahaifinta ya yi ritaya, ba shi da aiki sai sassaƙa a garejinsa, in zana masa zai yi. Na ɗauki takarda da fensir, sai na tsaya. Abin da na gani kullum na shekara talatin da huɗu, na kasa tuna yadda kansa yake. Faɗi ne ko mulmulalle? Ina ya fi kauri? Na sake sayen kati.

"Malam, muciyar ce ba ka sani ba?"

"Ki dai auna mini."

Ta auna da hannunta, ta ce kamu ɗaya da taƙi, kaurin riƙo kamar taɓaryar yara, ƙasan ya fi kauri kaɗan. Na mayar da shi inci yadda na iya, na ba da. Bayan mako biyu aka kawo mini ita a naɗe da takarda mai ado. Dattijon ya yi ta da itacen mapul, wanda suke tatsar ruwansa su yi zuma, ya goge ta sumul har tana ɗaukar ido, ya huda ƙarshenta ya sa igiyar fata ta ratayewa. Ƙasan ya yi faɗi kamar filafilin kwalekwale. Na ce a gaya masa ban taɓa ganin muciya mai kyanta ba, kuma ban yi ƙarya ba.

Da ita na koyi tuƙi. Kafin watan Maris ina yin tuwon dawa babu gudaji, ina kaɗa busasshiyar kuɓewar da ta rage da 'yar kanwar dala uku, ina dama fura da garin bajiri da kindirmon kanti. Na gayyaci ajin gaba ɗaya, muka zauna a ƙasa muka ci da hannu. 'Yar Magariya ta kai loma ɗaya ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kuma ce a ƙauyensu da namiji ya yi wannan da an yi masa waƙa a dandali.

Na dawo a watan Mayun 2010, 'yan kwanaki bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ana tsakiyar zafin bazara. Butocin biyu da tsintsiya na bar wa ɗan Kumasi. Tsarabar da na sha wahalar zaɓe, agogo da turare da jakar hannu, an karɓa an yi godiya. Abin da uwargida ta riƙe da hannu biyu shi ne kwalin leda mai zif da na cusa don cike gurbi. Ta zuba daddawa a ɗaya ta rufe, ta sunsuna, ba ta ji komai ba, ta dube ni ta ce me ya sa ban kawo goma ba. Ta shekara biyu tana wanke su tana shanyawa a igiya.

Da daddare, an watse, na fito da muciyar na miƙa wa Inna. Ta karɓa, ta jinjina ta, ta shafa ƙasan da babban yatsa, ta kama igiyar fatar ta karkaɗa.

"Wa ya sassaƙa?"

"Wani tsoho ne, Bature."

"Allah ya yi masa albarka. Bai taɓa cin tuwo ba." Ta ajiye ta gefen tabarma. "An ce har ka iya?"

Na ce na iya.

Ta leƙa ƙofa ta ga ko akwai mai ji, ta rage murya ta ce kada in kuskura in faɗa a majalisa.

Uwargida ta gwada ta sau ɗaya ta ce tana zille mata a hannu. Tana nan har yanzu, rataye da igiyar fatarta a jikin turken awaki, da ita yara suke dama musu dusa.